Ku Tambaya, Mu Amsa: Renon Ƙananan Yara a Tsibirin Zanzibar

Wasiƙun wannan fitowa daga iyalan da aiki ya kai Zanzibar suke, wato tsibiran Unguja da Pemba da ke gaɓar Tanzaniya a tekun Indiya. Ƙasar Musulmi ce, masallaci da makarantar Alƙur'ani ba su yi wa kowa nisa ba, don haka ta wannan fuskar Bahaushe ba ya jin baƙunta. Yanayi ne ke ba iyaye wahala. Dabarun renon da muka gada na ƙasar busasshiyar iska da hunturu ne, kuma da yawansu cutarwa suke yi a inda laima ba ta barin iska.

Assalamu alaikum. Watanmu uku a Unguja. 'Yata mai wata bakwai ta feso da ƙananan jajayen ƙuraje a wuya da baya da hammata, ba ta barci saboda ƙaiƙayi. Ina shafa mata man kaɗanya da basilin bayan wanka, ina barbaɗa hoda, amma sai ƙaruwa suke. Kayanta ma ba sa bushewa, har bashi suke yi. Daga wata uwa 'yar Kano

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba ta lafiya. Abin da kika kwatanta ya yi kama da ƙurajen zafi, kuma man da kike shafawa shi ke ƙara musu ƙarfi. A Kano ko zafi ya kai digiri 40, gumi yana fita yana bushewa, fata kuma tana son mai don kada ta tsage. A Unguja zafi bai cika wuce digiri 33 ba, amma iskar a jiƙe take, gumi ba shi da wurin zuwa. Ƙofofin gumin jariri 'yan mitsi-mitsi ne. Basilin ya toshe su, hoda ta sha gumi ta zama ƙullu a lanƙwasar wuya, sai gumin ya maƙale a ƙarƙashin fata ya fito a matsayin ƙurji.

Ki ajiye man da hodar gaba ɗaya, sai dai ɗan basilin a mazaunai lokacin canza kunzugu. Ki yi mata wanka sau biyu ko uku a rana da ruwan da ba zafi ba sanyi, sabulu sau ɗaya kawai. Wajen tsanewa kada ki goge, ki riƙa danna tawul a hankali, ki ɗaga haɓarta ki tsane wuya, sannan hammata da matse-matsi da bayan gwiwa. Riga ɗaya ta auduga mai sakwa-sakwa ta ishe ta, babu hula babu safa. Goyo ma da zani ɗaya marar kauri, irin kangar da matan garin ke amfani da ita, kuma ki riƙa sauke ta bayan ɗan lokaci, domin cikinta da bayanki duka suna gumi. Idan katifarta mai leda ce, ki shimfiɗa zanin auduga ninki biyu a kai. Ƙaiƙayin kuma ruwan kalamin kaɗan yana kwantar da shi. Cikin kwana uku zuwa huɗu ya kamata ki ga sauƙi.

Ki kai ta asibiti idan ƙurajen suka fara ɗurar ruwa ko mugunya, ko suka yi ɓawo mai launin zuma, ko zazzaɓi ya biyo baya. Haka nan idan matse-matsinta ya yi ja jawur yana sheƙi, da 'yan ɗige-ɗige a gefe: wannan naman gwari ne, maganinsa daban, ana shafa shi kamar mako biyu. Muna roƙonki da ki guji mayukan nan masu haɗin magani uku a kwali ɗaya da ake sayarwa a kemis. Sinadarin sitiroyid da ke cikinsu yana kwantar da jan cikin kwana biyu, uwa ta ɗauka an warke, alhali naman gwarin yana ƙara yaɗuwa, fatar jaririya kuma tana sirancewa.

Batun wanki kuwa, damina biyu ake yi a tsibirin: babbar, da suke kira masika, daga Maris zuwa ƙarshen Mayu, sai ƙaramar, vuli, wajen Nuwamba da Disamba. Ki yi wanki da sassafe, ki matse sosai, ki shanya a igiya inda iska ke ratsawa, tsakanin kaya da kaya tazarar tafin hannu. Ranar ruwa ki ɗaura igiyar a ɗaki ƙarƙashin fanka. Kada ki taɓa shanya kayan yara a ƙasa ko kan ciyawa. Akwai ƙudan da ke yin ƙwai a jiƙaƙƙen tufafi mai warin fitsari ko gumi, tsutsarsa ta shige fata ta yi maruru mai ɗan rami a tsakiya. Guga ciki da waje, musamman kan ɗinki, tana kashe ƙwan. Kabad kuma ki matsar da shi daga bango, ki riƙa barin ƙofarsa a buɗe da rana, in ba haka ba funfuna za ta cinye miki takalman fata da lesukanki.

Muna zaune kusa da Paje, yarana biyu, mai shekara uku da mai biyar, kullum sai sun ce a kai su teku. Na ga ruwan bai wuce idon sawu ba har nesa. Akwai haɗari? Daga wani magidanci ɗan Zinder

Malam, akwai, kuma daga wannan rashin zurfin yake fitowa. Teku ba kamar tafki ba ne. Sau biyu yake janyewa, sau biyu yake cikowa a yini da dare, tsakanin janyewa da cikowa awa shida da 'yan mintoci, kuma kowace rana lokacin yana ƙara jinkiri da kamar minti 50. A gabashin Unguja, Paje da Jambiani, ruwa kan ja baya har kusa da duwatsun murjani, tafiyar kilomita guda ko fiye, har ka ga mata zaune suna aikin gonakin ciyawar teku a inda ɗazu kwalekwale ke yawo. Idan ya tashi dawowa ba ya zuwa gaba-da-gaba. Yana fara cike kwaruruka da ramukan da ke tsakaninka da tudu, kana can kana kallon kifi ba ka sani ba an yanke maka hanya. Ya fi sauri a awa ta uku da ta huɗu bayan ya juyo. Ruwan da zai kai ka ƙugu ya shanye kan ɗan shekara uku.

Lissafin watan Musulunci zai taimake ka. A farkon wata da kuma wajen 14 zuwa 16 ne ruwa ya fi janyewa kuma ya fi cikowa, mutanen wurin suna kiran wannan bamvua. A irin waɗannan ranaku yakan janye da hantsi ya ciko da la'asar. Ka duba jadawalin ruwa a waya ko ka tambayi masunta kafin ku fita, ku shiga yana cikin janyewa, ku juyo da zarar ya tsaya. Yaron da bai kai shekara biyar ba kada ya yi nisan da hannunka ba zai kai gare shi ba. Kuma a fayyace wa ke duba yara, domin idan manya suka yi yawa kowa sai ya ɗauka ɗan'uwansa ne ke kallo. Yaro ba ya ihu idan yana nutsewa. Ka tuna ma da bokitin wanki da rijiyar tsakar gida: bokiti a kife, rijiya da murfi mai nauyi.

Ka saya musu takalmin roba mai rufe ƙafa. A cikin ramukan duwatsu akwai wata halitta mai kamar ƙwallo, jikinta duk dogayen baƙaƙen ƙayoyi masu karyewa cikin nama. Idan yaro ya taka, a jiƙa ƙafar cikin ruwan ɗumi mai ɗan zafi na minti 30 ko fiye, babba ya fara gwadawa da hannunsa, a zare waɗanda kansu ya fito da hantsaki, waɗanda suka nutse ko suke kusa da gaɓa a bar wa ma'aikacin lafiya. Tono da allura ƙara farfasa su yake yi. Rana kuma, daga ƙarfe 10 zuwa 3 a zauna a inuwa. Farin yashin nan yana mayar da haske, baƙar fata ma tana ƙonewa.

Abu ɗaya da baƙi ba sa zato: tsargiya ba a teku take ba, a kududdufai da ƙoramun cikin tsibiri take, a Unguja da Pemba duka. Kada yara su yi wanka a cikinsu. Fitsari da jini kuwa, asibiti.

Ɗana yana da wata tara. Kunun gero na saba ba shi, garin da na zo da shi ya yi ƙwari, kuka da daddawata sun yi funfuna. Me zan ba shi? Maƙwabciyata ta ce in ya yi gudawa ruwan kwakwa ya isa. Daga wata uwa 'yar Katsina

Hajiya, abin da kike nema yana kasuwar Darajani da ke birnin Zanzibar, sunansa ne ya canza. Gero shi ne uwele, dawa mtama, tamba ulezi, gyaɗa karanga, wake kunde, kuɓewa bamia, tsamiya ukwaju, zogale mlonge, kunu kuma uji. Ki sayi na mako biyu kawai, ki niƙa kaɗan-kaɗan, ki zuba a kwalba mai murfin da ke kamewa. Buhu da leda ba sa tare laima. Gyaɗa ko masarar da ta yi funfuna, ko ta yi ɗaci, a zubar. Dafuwa ba ta kashe gubar da ke cikinta, kuma hanta take ci.

Abincin tsibirin shinkafa da rogo da ayaba ne cikin madarar kwakwa. Suna cika ciki, amma rogo ba shi da abin gina jiki. Gyaran yana wajen dagaa, 'yan ƙananan busassun kifin nan masu araha. Ki cire kawunan, ki wanke yashin, ki ɗan soya su ba mai har su yi ƙaras, ki daka ki tankaɗe. Cokalin shayi ɗaya zuwa biyu a faten yaro ya wadatar. Ɗan wata tara yana cin abinci sau uku zuwa huɗu a rana, rabin kofi kowane ci, ban da nono. Kunun ya yi kaurin da ba zai zube daga cokali ba. Madarar kwakwa kuwa a tace a dafa nan take, abin da ya kwana a waje ba na yaro ba ne.

Naman kunkurun teku, wanda suke kira kasa, kada ya shiga gidanki ko da kyauta aka kawo. Wani lokaci yana ɗauke da gubar da wuta ba ta kashewa, kuma yara ta fi kayarwa. A watan Maris na 2024 yara takwas da babba ɗaya suka rasu a tsibirin Panza na Pemba bayan sun ci shi. Mai shayarwa ma kada ta ci, yana bi ta nono.

Maganar maƙwabciyarki ba ta cika ba. Ruwan ɗanyar kwakwa yana da daɗi da tsabta, amma gishirinsa bai kai abin da gudawa ke fitarwa ba. A kaɗa fakitin ORS, wato garin gishiri da sukari na masu gudawa, a yawan ruwan da aka rubuta a jikinsa. In babu, lita ɗaya ta dafaffen ruwa, sukari cokalin shayi shida a shafe, gishiri rabin cokalin shayi. Yaron da bai kai shekara biyu ba a ba shi rubu'i zuwa rabin kofi bayan kowace gudawa, da cokali, tare da ƙwayar zinc miligiram 20 kullum (miligiram 10 in bai kai wata shida ba) har kwana 10 zuwa 14, kuma a ci gaba da nono. Idan ido ya faɗa, ko ya kasa sha, ko akwai jini, ko gudawar ta zama kamar ruwan shinkafa, kada a kwana a gida. Tsibirin ya ga annobar kwalara a 2015 da 2016. Ƙasar wurin dutsen murjani ce mai huji-huji, ruwan masai yana saurin kaiwa rijiya, musamman a masika. Ruwan sha ya tafasa minti ɗaya cur, a adana a jarka mai ƙaramin baki, a riƙa tsiyayawa. Moɗar da kowa ke tsomawa a randa ita ke sake gurɓata shi.

In yaro ya yi zazzaɓi, in ba shi maganin maleriya kamar yadda muke yi a gida? Daga wani uba ɗan Kaduna

A'a, Malam, sai an gwada. Zanzibar ta rage maleriya ƙwarai da gidan sauro da feshi, don haka zazzaɓi a can sau da yawa wani abu ne daban, ko da yake cutar ba ta ƙare ba, kuma masu dawowa daga Darussalam ta jirgin ruwa sukan zo da ita. Gwajin ɗigon jini minti 15 zuwa 20 ne. Kafin nan a ba shi farasitamol miligiram 15 ga kowane kilo na nauyinsa, duk awa shida: mai kilo 10, mililita 6 na ruwan maganin da aka rubuta miligiram 120 cikin mililita 5. Ban da asfirin, ibufurofen ma sai an tabbatar ba zazzaɓin dengi ba ne, domin suna jawo zubar jini. Sauron dengi da rana yake cizo, saboda haka barcin rana ma a cikin gidan sauro, kuma yana ƙyanƙyasa a ɓawon kwakwa da tsohuwar taya da duron da ba murfi. Daga ƙwai zuwa sauro kwana 7 zuwa 10 ne, to kowace Juma'a a zagaya gida a kife duk abin da ya tara ruwa, a goge cikin duro da soso don ƙwan yana manne a bango. Jaririn da bai kai wata uku ba kuwa, in zafin jikinsa ya kai digiri 38, asibiti kai tsaye, ko da tsakar dare ne.