Kafin ki zubar da ruwan farko

'Yata, saƙonki ya iso. Da na karanta na yi dariya, da na sake karantawa sai dariyar ta ragu. Kin ce surukarki ta tarar kin wanke shinkafar buhu kin zuba a tukunya kai tsaye, ba ki fara tafasa ta kin tsame kin zubar da ruwan ba, ta ce ba haka ake girki a gidan mutane ba. Kina tambaya ko tsamewar nan al'adarmu ce ko kuwa dole ce. Wurin da ya tsaya mini a rai shi ne inda kika kira ta "ɗanyar shinkafa". Wadda kike saye, mai ƙwaya tauri da launin zuma-zuma, ta riga ta sha wuta sau ɗaya tun tana cikin ɓawonta. Ita ce gumi. Ki duba jikin buhun, za ki ga an rubuta étuvé da Faransanci. Yarinyar da kakarta ta yi suna a gumi ta kai ɗakin miji ba ta san wannan ba, laifinmu ne mu da muka raine ku.

Bari in kai ki Yagwa, can arewacin Kamaru, lokacin bikin babbar gwaggonki. Shinkafa ta wadata a garin a shekarun nan, tun da aka kafa SEMRY, kamfanin noman shinkafa na gwamnati, a 1971, aka kuma yi madatsar ruwan Maga a 1979. Kakanki ya shigo da buhu 2 na shanshera, wato shinkafa da ɓawonta, saura mako biyu biki. Iya, kakarki, ta ce a fara gumi a ranar, ba a fafe gora ranar tafiya.

Da la'asar aka fara wanki a manyan kwanoni. Duk abin da ya taso saman ruwa holoƙo ne, babu ƙwaya a ciki, aka kwashe. Yashi kuma ya kwanta a ƙasa. Sau 3 aka sauya ruwa. Can gefe rabin ganga na kan murhu, Iya tana tsoma hannu lokaci-lokaci. Da ruwan ya kai zafin da hannu ba ya iya daɗewa a ciki, amma bai tafasa ba, ta ce a janye itace. Aka juye shanshera, ruwa ya haura ta da yatsu 4, aka rufe har bayan sallar asuba, kusan awa 12 ke nan. Iya takan ce jiƙo baƙon kwana ɗaya ne, in ya kwana biyu ya fara wari. Da gari ya waye aka tsame a kwando aka ɗauraye. Aka jera ƙananan itatuwa a gindin tukunya, aka ɗora tsohon faifai, aka zuba ruwa kaɗan wanda bai taɓo faifan ba, sannan shinkafa a sama, aka lulluɓe da jiƙaƙƙen buhun algarara. Tururi ake so ya yi aikin. Daga lokacin da ya fara fitowa ta jikin buhu, minti 20 zuwa 30 ne. Iya ba ta da agogo, ɗaga gefen buhun take yi ta ɗebo da ludayi, in ta ga ɓawon mafi yawan ƙwayoyin ya buɗe baki, sai ta ce a sauke. In an sauke da wuri, ƙwaya za ta fito da farin ciki kamar alli, ta karye a turmi. In an wuce, ta yi duhu ta yi tauri, ta ci miki itace ranar dahuwa.

Shanya ce ta ba da darasi a ranar. Tukunyar farko Iya da kanta ta tsaya a kai. Aka baza a tabarmi siriri, kaurin yatsa biyu, ana ja da hannu ana juyawa, awa 2 zuwa 3 a ranar hantsi, sannan aka ja tabarmin zuwa inuwar rumfa, ta ƙarasa bushewa a iskar hunturu cikin kwana biyu. Tukunya ta biyu 'yan mata aka bar wa, masu kawo kayan ɗaki suka iso, kowa ya tafi kallo, shinkafa ta yini a tsakar rana har la'asar. A ido babu bambanci. Sai ranar casa, mata uku a turmi ɗaya suna lugude, aka bakace ɓuntu a faifai. Ta farko ta fito doguwa, ƙwaya-ƙwaya, tana sheƙi. Ta biyu rabinta gutsattsari. Iya ta ɗebi ko wace a tafin hannu, ta sa a haƙori, ta kira 'yan matan ta nuna musu tsagar da ke jikin ƙwayar. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce rana ce ke farawa, inuwa ke ƙarasawa, in bayan ƙwaya ya bushe cikinta da sauran danshi, dole ta tsage. Aka ware gutsattsarin aka yi dambu da su, mai kyaun ita aka dafa wa dangin ango.

To, ita wannan shinkafar, Iya ba ta tafasa ta ta zubar da ruwa ba. Ɗauraya ɗaya, sai tukunya. Amma in gumin gida ya ƙare aka sayo na kasuwa, sai ta zauna da ƙwarya biyu ta rege shi, tana karkaɗawa tana tsiyayar da shinkafa, tsakuwa na saura a gindi. Sannan ta shinshina. In ta ji tsami, takan ba shi tafasa ɗaya ta zubar da ruwan. Dalilin shi ne masu yin na sayarwa da yawa a ruwan sanyi suke jiƙo kwana biyu ko uku don tsimin itace, su shanya a ƙasa. Warin nan da ƙasar nan su aka yi wa tsamewa. Na tabbata irin wannan gumin surukarki ta tashi da shi, kuma a kansa tana da gaskiya. Ta buhu da ake kawowa daga Indiya ko Tailan, ta sauka a Duwala ta hawo arewa, inji ne ya tace ta. Ita ba ta da tsakuwa, ba ta da wari sai in ajiya ta ɓata ta. Kuma amfanin da ke cikin dusar shinkafa, irin bitamin B1, jiƙo da turare ne ke tura shi cikin ƙwaya. Ruwa yana narkar da shi. Kin tafasa kin zubar, wani kaso ya bi rariya.

Ga yadda za ki dafa ta. Ki auna da gwangwani ɗaya, kada ki sauya ma'auni tsakanin shinkafa da ruwa. Gwangwani 1 na shinkafa, 2 na ruwa. In gumin gida ne ko wadda ta daɗe a ajiye, 2 da kwata, don tsohuwa ta fi sabuwa shan ruwa. In girkin taro ne a babbar tukunya, ki rage ya koma 1 da kashi uku cikin huɗu, ki ajiye ruwan zafi a gefe, domin ƙari ya fi ragi sauƙi. Ki wanke sau 2, da sauri, ba tare da cuɗa mai ƙarfi ba, ki tsane a kwando. Ruwan ya tafasa tukuna, ki sa gishiri cokalin shayi 2 ga kilo 1, da mai cokali 1 in kina so, sannan shinkafa. Ki juya sau ɗaya tak. Ki bar ta a buɗe a wuta mai ƙarfi har ruwan ya sauka daidai fuskar shinkafa, kin ga ƙananan ramuka suna fitar da tururi. A nan ne ake rufewa a rage wuta. Mai itace ta janye itacen ta bar garwashi, mai gas ta mayar da shi can ƙasa. Daga zubawa zuwa nuna, ta buhu minti 20 zuwa 25, gumin gida yakan kai 35 ko 40. Ku da ke Ngaundare a kan tudu kuke, ki ƙara mintuna kaɗan. Bayan kin kashe wuta kada ki buɗe sai an yi minti 10. Iya takan ce shinkafa amarya ce, ba ta son leƙe.

Yawancin ɓacin girki daga hannu yake. Juyi da muciya yana farfasa ƙwaya, ta saki danƙo ta caɓe. Wuta mai ƙarfi har ƙarshe tana ƙone gindi, sama kuma da sauran tauri. In kin murtsuke ƙwaya tsakanin yatsu kin ji tsakiyarta da ƙarfi alhali ruwa ya ƙafe, ki yayyafa ruwan zafi rabin kofi ki rufe. Ruwan sanyi yana tsayar da dahuwa, ƙwaya ta jiƙe a waje ta ƙi nuna a ciki. In ruwa ya yi yawa, ki buɗe murfi a wuta kaɗan ya tsotse. In ta kama, kada ki kankare, ki juye ta saman a wata tukunya nan take kafin ƙauri ya hau.

Akwai abin da nake gani yanzu da ba na so. Mata suna shimfiɗa leda a kan shinkafa wai don ta turara. Leda da zafi ba sa haɗuwa a abin da za a ba yara. Murfi mai kama baki ya isa, in yana da sako-sako ki sa tsaftataccen ƙyalle a ƙarƙashinsa ki ɗora dutse. Haka barin sauran shinkafa ta kwana a rufe cikin tukunya lokacin bazara. Ki juye a faranti ta huce da wuri, in akwai firiji ki sa, in za a ci a ɗumama ta yi zafi sosai. Da kuma zuba kanwa da yawa a shinkafa da wake. Wake ake fara dafawa shi kaɗai har ya kusa nuna, sannan shinkafa ta biyo, ba sai an cika kanwa ba.

Ki kuma san inda gumi ba ya shiga. Ba a tuwo da shi, don ƙwayarsa ba ta haɗa jiki, ko kin tuƙa har hannu ya gaji warwarewa zai yi. Waina da sinasir ma farar shinkafar tuwo suke so, wadda ba ta taɓa ganin wuta ba, ita ce ɗanya ta gaskiya. Gumi na dafa-duka ne, da shinkafa da miya, da garau-garau, duk inda ake son ƙwaya ta tsaya da kanta. A dafa-duka ma lissafin ruwan bai sauya ba, sai dai ki haɗa romo da ruwan tumatir a cikin awon.

Maganar surukarki kuwa, uwa ce, kada ki ja da ita a bakin murhu. Wata rana in kuna zaune hankali kwance, ki tambaye ta yadda ake gumi a garinsu, kwana nawa ake jiƙo, a kan me ake shanya. Za ta faɗa miki abubuwan da ni ma zan so ji, ki rubuto mini su. Kafin nan ki ɗebi shinkafar gidan a tafin hannu, ki fita haske ki ɗauki hoto ki turo, ki kuma gaya mini abin da hancinki ya ji da kika buɗe buhun. Ki gaida mai gidan da Hajiya.