Injin da ba shi da kamshaf: in sensa ta mutu, me zai faru da bawul?

Tambaya: Injiniya, barka da aiki. Ina koyon kanikanci, na ji akwai injin da maganaɗisun lantarki ke buɗe masa bawul, babu kamshaf. Hankalina bai kwanta ba: in sensa ta mutu, bawul ba zai yi karo da fistin ba? Maigidana ya ce aikin sensa kunna fitilar dashbod ne kawai.

Amsa: Ɗan'uwa, tsoronka na kan hanya. A wannan tsari, farantin ƙarfe ne a kan sandar bawul (ƙofar da iska ke shiga inji ko hayaƙi ke fita), tsakanin kwayil biyu da sifirin biyu. In wuta ta ɗauke, bawul yakan tsaya a tsakiya, rabi a buɗe. Tafiyarsa kamar milimita 8 ce, cikin daƙiƙa 0.003 zuwa 0.004, kuma a juyi 6,000 a minti kowane bawul yana buɗewa sau 50 a daƙiƙa.

Inda gizo ke saƙa shi ne saukar bawul kan mazauninsa. Kamshaf, wato sandar da ke juyawa tana tura bawul a injin da aka saba, yana da gangara a jikinsa da ke ajiye bawul a hankali. Maganaɗisu kuwa, da ƙarfe ya matso sai jansa ya ninka, ya fizge shi ya buga da mazauni. Dole kwamfutar injin ta san inda bawul yake a kowane ƙiftawar ido, ta rage wa kwayil wuta kafin ya iso. Shi ya sa ake sa sensar Hall, mai auna ƙarfin maganaɗisu, da ɗan maganaɗisu, ko a lissafa wurin daga yadda wutar kwayil ke canzawa. Wahalar wannan saukar na cikin abin da ya hana tsarin shiga motocin kasuwa. Valvetronic na BMW, tun 2001, da MultiAir na Fiat, tun 2009, tsare-tsaren da ke canza yawan buɗewar bawul, duk ba su rabu da kamshaf ba.

Maganar maigidanka kuwa, Allah ya ƙara masa girma, amma ta ishe ni. Kullum sai na ji ta. An kawo min wata BMW tana kakkarwa a silo. Na zare soket ɗin sensar Valvetronic, sai ga baƙin mai ya cika shi fal, ya biyo ta cikin sensar. Wani rewaya ya riga ya goge lambar matsalar da sikana, ya liƙe fitilar da baƙin salatif ta ciki, ya karɓi kuɗinsa. Mai mota ya yi ta yawo, mai yana ƙonewa, ƙarfi babu. Wai "ai tana tashi". To, makaho ma yana tafiya! Kwamfuta ta rasa ido ne, ta koma lalube don ta kai ka gida. A BMW ɗin kamshaf na nan yana riƙe da lokacin buɗewa. A injin da kake tambaya babu wannan gatan, lokacin duk yana hannun kwamfuta, in ta yi kuskure fistin zai iya tarar da bawul a buɗe.

In irin BMW ɗin nan ta shigo garejinku, ka fara duba soket da waya kafin a sayi sabuwar sensa, kuma bayan canji a sa sikana motar ta sake koyon iyakar tafiyar shaf ɗin Valvetronic, wato sandar da sensar ke lura da ita.