Amsa ga 'yar'uwa daga Aboabo: me ya sa likita ya ce ki jira shekara guda?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce gwajin da aka yi miki a Kumasi ya nuna HPV, ƙwayar cutar da ake ɗauka ta hanyar saduwa, da CIN 1 a bakin mahaifa, likita bai rubuta miki ko ƙwaya ɗaya ba, sai ya ce ki dawo bayan wata 12. Yanzu ana ta ba ki shawarar maganin ƙara garkuwar jiki, ke kuma kina so ki san ko da gaske jiki yana korar cutar da kansa.

Da gaske ne, kuma jiran nan ba sakaci ba ne. A cikin mata goma da suka kamu da HPV, kusan tara jikinsu yana share ta cikin shekara 2. CIN 1 ba sankara ba ce, sauyi ne a kashi ɗaya cikin uku na ƙasan fatar bakin mahaifa, kuma fiye da rabin masu shi yana warkewa ba tare da an taɓa shi ba.

Abin da ke jawo jinkirin shi ne wayon ƙwayar cutar. Tana shiga ta ɗan ƙujewar da ido ba ya gani, ta zauna a ƙwayoyin halittar da ke can ƙasan fata. Ba ta shiga jini, ba ta fasa ƙwayar halittar da ta zauna a ciki, ba ta kawo kumburi ko zazzaɓi. Kamar ɓarawon da ya shiga gida bai taɓa ƙyaure ba, masu gadi ba su ji motsi ba. Tana kuma da sinadarai biyu, E6 da E7, masu danne saƙon da ƙwayar halitta ke aikawa don neman agaji. Shi ya sa jiki kan ɗauki watanni kafin ya farga. Idan ya farga, fararen ƙwayoyin jini da ake kira T, wato CD4 da CD8, su ne ke taruwa a wurin su kashe ƙwayoyin halittar da suka kamu, sabuwar fata ta maye gurbi. Watanni 12 da aka ba ki, lokaci ne aka ba waɗannan su yi aikinsu.

Inda abin ke lalacewa shi ne idan ƙwayar ta ƙi tafiya, musamman nau'i na 16 da na 18, waɗanda ke haddasa kusan kashi 70 cikin ɗari na sankarar bakin mahaifa. In ta daɗe, E6 da E7 suna kashe birkin da ke hana ƙwayar halitta yaɗuwa barkatai, sauyin ya haura CIN 2, ya kai CIN 3. Shi CIN 3 ba a zuba masa ido, magani ake yi. Daga kamuwa zuwa sankara yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20 ga mai lafiyayyar garkuwa, amma 5 zuwa 10 kawai ga wadda garkuwarta ta yi rauni. Don haka ki duba takardarki ko an rubuta nau'in. In 16 ne ko 18, ki tambayi likita ko akwai buƙatar a leƙa bakin mahaifar da na'urar hangen nan mai ƙara girma tun yanzu.

Maganar ƙara garkuwa kuwa, ki riƙe kuɗinki. Babu wani kwalban da ake sayarwa a kasuwar Kejetia ko a intanet da aka tabbatar yana korar HPV. Abin da ke da tasiri sanannu ne. Ki yi gwajin HIV in ba ki yi ba kwanan nan, domin mace mai HIV ta ninka sauran mata sau 6 wajen haɗarin wannan sankara, kuma shan maganinta kullum yana farfaɗo da CD4. Ki nisanci taba da shisha, don hayaƙin yana rage ƙwayoyin tsaron da ke cikin fatar bakin mahaifa. In kina shan maganin da ke danne garkuwa, ki faɗa wa likita. Sannan don Allah a bar matsi da cusa alif ko garin magani a gaba. Suna ƙuje fatar, suna kashe ƙwayoyin kirki da ke tsare wurin.

Allurar rigakafi ba ta warkar da cutar da ta riga ta shiga. Aikinta shi ne ta tare ƙwayar tun kafin ta kai ga ƙwayar halitta, shi ya sa Ghana ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 kyauta a 2025. In kina da 'ya a wannan shekarun, ki kai ta.

Wani abu da ke raba aure a banza: wannan sakamako ba shaida ba ne a kan maigida, ba kuma shaida ba ne a kanki. Ƙwayar tana iya kwanciya shekaru ba a san da ita ba.

Idan kin koma aka ga sauyin yana nan ko ya ƙaru, maganin ba babban aiki ba ne. Ana shafa ruwan kal, a jira minti 1, wurin da ya sauya ya yi fari. In ƙarami ne kuma ana ganinsa duka, sai a ƙona shi da ɗan ƙarfe mai zafin digiri 100 na daƙiƙa 20 zuwa 30. In ya yi faɗi ko ya shige ciki, a yanke shi da zaren waya mai lantarki a kai ɗakin gwaji. Yankan yana ɗan ƙara haɗarin haihuwar bakwaini, wannan na cikin dalilan da ba a gaggawar yi wa mai CIN 1. Bayan maganin za ki ga ruwa yana zuba har kusan mako 4, a dakata da kwanciyar aure tsawon wannan lokacin, a sake gwaji bayan shekara.

Ki rubuta ranar komawarki a waya, ki adana takardar sakamakon ki tafi da ita. Amma in kika ga jini bayan saduwa, ko jini tsakanin al'ada da al'ada, ko ruwa mai wari, kada ki jira ranar. Ki koma inda aka yi miki gwajin, in ya cancanta su tura ki Asibitin Komfo Anokye. Allah ya ba ki lafiya.