Gwajin Jinin AFP da Ciwon Dajin Hanta: Shin Ya Cancanci Kuɗinsa?

Wani malamin makarantar sakandare daga Samaru ya rubuto cewa wani ɗakin gwaji mai zaman kansa ya tallata masa gwaje-gwajen jini guda huɗu a dunƙule, wato AFP da CEA da CA 19-9 da PSA, aka ce masa da su ne ake gano ciwon daji tun kafin ya bayyana. Shekararsa 38, lafiyarsa ƙalau, amma ƙanen mahaifiyarsa ya rasu bara sanadin ciwon dajin hanta, kuma kuɗin da aka yanka masa zai cinye kaso mai tsoka na albashinsa. Yana tambaya ko ya biya.

Malam, Allah ya jiƙan kawu, ya gafarta masa. Shawarata ita ce kada ka sayi wannan ƙunshin, domin uku daga cikin gwaje-gwajen ba a yi su don neman dajin hanta ba, na huɗun kuwa, wato AFP, bai isa a jingina da shi shi kaɗai ba. AFP wani sinadari ne da hantar jariri ke samarwa da yawa tun yana cikin mahaifa, sai ya ragu ƙwarai bayan haihuwa, kuma a wasu lokuta ƙwayoyin dajin hanta sukan koma samar da shi a jikin babba. Matsalar ita ce ba kowane daji ne ke yin haka ba. Idan aka ɗauki ma'aunin 20 da likitoci suka saba amfani da shi a matsayin iyakar da idan AFP ya wuce ta ake cewa ya yi yawa, gwajin kan kama kusan mutum shida ne cikin goma na masu cutar, kuma ƙananan ƙari, waɗanda su ne ake fatan kamawa tun ana iya cire su, su ne suka fi kuɓuce masa. A ɗaya ɓangaren kuma, AFP kan hau a jinin mai juna biyu, da wanda hantarsa ta kumbura, da wanda hantarsa ta yi tabo ta taurare, alhali babu daji ko kaɗan. Tamkar maigadi ne da wani dare zai yi ihun ɓarawo saboda motsin iska, wani daren kuma ɓarawon ya wuce ta gabansa yana gyangyaɗi.

Abin da ya dace ka fara kashe wa kuɗi shi ne gwajin ciwon hanta nau'in B, wanda ake rubutawa HBsAg a takardar asibiti, tare da gwajin nau'in C. Gwaji ne mai sauƙin kuɗi da ake yi a kusan kowane asibiti a Zariya, kuma shi ne zai nuna ko kana cikin waɗanda ya kamata a riƙa sa musu ido. Binciken ƙasa da aka gudanar a Najeriya a 2018 ya nuna cewa kashi 8.1 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da nau'in B, kuma wannan ƙwayar cuta ita ce kan gaba wajen haddasa dajin hanta a yankinmu. Abin da ya sa na damu da batun kawunka shi ne, a nahiyarmu an fi kamuwa da cutar tun ana ƙanana, daga uwa wajen haihuwa ko tsakanin yaran gida ɗaya. Tunda shi da mahaifiyarka tare suka tashi, ya kamata ita ma a gwada ta, haka kuma 'yan'uwanka na ciki ɗaya. Idan gwajinka ya fito babu cutar, ka nemi allurar rigakafin nau'in B guda uku, ka ajiye sauran kuɗinka.

Tambaya ta biyu ta fito ne daga wata baiwar Allah a Tudun Wada. Maigidanta, mai shekara 34, an gano yana da ciwon hanta nau'in B lokacin da ya je ba da gudummawar jini. Ya yi gwajin AFP sau ɗaya, aka ce masa sakamakon ya yi kyau, shi ke nan ya ce babu amfanin ƙara biyan kuɗin hoton ciki da likita ya rubuta masa. Tana son sanin ko gaskiyarsa ce.

Hajiya, ki lallaɓa shi ya koma ya yi hoton. Maigidanki yana cikin mutanen da aka tsara wannan sa ido dominsu, domin an lura cewa maza 'yan Afirka masu nau'in B sukan kamu da dajin hanta da ƙuruciya, wasu tun ba su kai shekara arba'in ba. Hanyar da manyan ƙungiyoyin likitocin hanta suka amince da ita ita ce hoton ciki na sikanin duk bayan wata shida, kuma likitoci da yawa suna haɗa shi da gwajin AFP. Wani nazari da aka wallafa a 2018, wanda ya tattara sakamakon bincike masu yawa, ya nuna cewa hoto shi kaɗai kan gano kashi 45 cikin ɗari na dajin da ke matakin farko, amma idan aka haɗa shi da AFP sai adadin ya kai kashi 63. Kafin wannan, an yi wani babban bincike a birnin Shanghai na ƙasar Sin a kan mutum 18,816 masu ciwon hanta, inda aka samu raguwar mace-macen dajin hanta da kashi 37 cikin ɗari a rukunin da ake yi wa gwajin biyu duk wata shida.

Wata shidan nan ba a zaɓe shi da ka ba. Ƙarin hanta kan ninka girmansa a cikin watanni kaɗan, saboda haka sakamako mai kyau na bara ba ya ba da labarin bana. Ku sami ɗan littafi ku riƙa rubuta kwanan wata da lambar da AFP ya nuna kowane zuwa, kuma ku dage da yin gwajin a wuri ɗaya, domin lambar da ke hauhawa a hankali daga zuwa zuwa zuwa takan fi lamba guda ɗaya amfani a wurin likita. Idan hoto ya nuna wani kumburi ko lambar ta tashi, mataki na gaba shi ne hoton CT ko MRI, wanda likitan hanta zai ba da umarninsa, kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana kusa da ku. Akwai sababbin gwaje-gwajen jini irin su AFP-L3 da DCP da za ku iya jin ana tallatawa da tsada. Suna da amfani a hannun ƙwararre, amma ba su ɗauke buƙatar hoto ba.

Ku kuma tambayi likitan ko lokaci ya yi da maigida zai fara shan magani irin tenofovir, wanda ke danne ƙwayar cutar ya rage haɗarin daji, ko da yake ba kowane mai cutar ne ake ɗora wa magani nan take ba. Ina roƙonki da ki hana shi shan jiƙe-jiƙen da ake shelar cewa suna wanke hanta, domin wasunsu ƙara mata nauyi suke yi. Ki kula da gyaɗa da masarar da ke shiga tukunyarki, ki tsince duk ƙwayar da ta yi funfuna ko ta canza launi ki zubar, saboda gubar aflatoksin da ke cikinta tana ninka haɗarin daji ga mai nau'in B. Ke ma ki yi gwajin HBsAg, a gwada yaran, a yi wa wanda bai kamu ba rigakafi. Allurar tana cikin jerin rigakafin yara a Najeriya tun 2004, kuma idan Allah ya kawo ƙaruwa, ki tabbatar an yi wa jaririn ta farko cikin awa 24 da haihuwarsa.