Asusun HSA da jinyar iyaye a gida

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka tambaya ko ya dace ka karɓi asusun ajiyar kuɗin lafiya na HSA da wurin aikinka a Amurka ya yi maka tayi, da kuma ko za ka iya biyan kuɗin asibitin mahaifiyarka da ke Kano daga cikinsa. Shekarata tara ina riƙe da irin wannan asusu, kuma shawarata ita ce ka karɓa, muddin kai da iyalinka ba masu yawan zuwa asibiti ba ne.

Ba kowa ke da damar zuba kuɗi a ciki ba, sai mai inshorar da ake fara biyan kaso mai tsoka daga aljihu kafin kamfani ya sa hannu. A 2025 wannan kaso bai gaza dala 1,650 ga mutum ɗaya ba, abin da aka yarda a zuba kuwa bai wuce dala 4,300 ba, ko 8,550 ga mai iyali. Gwamnatin tarayya ba ta cire haraji a kan abin da ka zuba, ko ribar da ya haifar, ko abin da ka kashe wajen magani, haƙori ko tabarau. Kuɗin ba ya ƙonewa a ƙarshen shekara, kuma ko ka bar aikin, naka ne.

Batun Hajiya kuwa, a nan na ƙone hannuna. Lokacin da aka kwantar da mahaifina a asibiti a gida Najeriya, na ciri dala 2,000 daga asusun na tura cikin dare, ina ganin ai duk jinya ce. Sai da muka zauna cika fom 8889, wato takardar haraji ta asusun HSA, mai shirya mini takardun haraji ta ajiye biro ta fahimtar da ni cewa doka ta amince ne kawai da ni, matata, da waɗanda dokar ke ɗauka a matsayin masu dogaro da ni, kuma iyayen da ke zaune a Najeriya ba tare da takardun Amurka ba ba sa cikinsu. Na biya haraji a kan kuɗin, ga tarar kashi 20 cikin ɗari, wato dala 400. Ana ɗauke tarar idan mutum ya kai shekara 65, amma harajin yana nan.

Saboda haka ka ware wa jinyar Hajiya ajiya ta daban. Idan kai da kanka ne ka ga likita a Kano lokacin hutu, wannan ya halatta, sai dai ka karɓi rasit mai sunanka da kwanan wata, ka ɗauke shi hoto tun kafin tawadar ta koɗe. Allah ya ba Hajiya lafiya.