Na biya an yi min furofayil, amma fuskoki na fitowa jajaye

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon hoto a Zariya, ina bugawa da firinta Epson L805. Kwanakin baya na biya wani ya zo da na'urar auna launi ya haɗa min furofayil, wato fayil ɗin da ke daidaita launin bugu, na takardar da nake aiki da ita. Tun daga nan fuskokin mutane ke fitowa da ja-ja, farar shadda kuma ta koma ruwan hoda. Hotunan biki ne yawancinsu, amare sun fara ƙorafi. Furofayil ɗin ne bai yi ba, ko firintar ce? Daga mai hoto, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Na ji damuwarka, don hoton amarya ba abin da za a ce mata ta dawo a sake ɗauka ba ne. Amma kada ka yi saurin yanke wa furofayil hukunci. Ruwan hodar da ka ce yana hawa kan farar shadda alama ce da na sani sosai, kuma sau da yawa tana nufin ana gyara launin sau biyu.

Ga yadda abin ke faruwa. Idan ka zaɓi "Photoshop Manages Colors" ka ɗora furofayil ɗinka, Photoshop ya riga ya juya launukan zuwa abin da tawadarka da takardarka za su iya fitarwa. Idan direban firinta, wato manhajar da ke sarrafa firintar a kwamfuta, bai san an yi haka ba, shi ma sai ya sake nasa gyaran a kan wanda aka gama. Kamar miya ce da mutum biyu suka sa wa gishiri, kowa yana zaton shi kaɗai ya sa. Ka shiga saitin direban, ƙarƙashin "Color Correction", ka zaɓi "No Color Adjustment". Ka riƙa dubawa kafin kowane bugu, domin saitin kan koma yadda yake da fari idan ba ka adana shi ba.

In ka yi haka jan bai tafi ba, buga gwajin nozul, wato ƙananan ramukan da tawada ke fitowa ta cikinsu. L805 tawada shida take sha, cikinsu har da shuɗi mai haske da hoda mai haske, kuma waɗannan biyun suna da hannu sosai a launin fata. Idan shuɗi mai hasken ya ɗan toshe, ja ne zai rinjaya a fuska. Lokacin hunturu, da ƙura da bushewar iska, firintar da ta kwana biyu ba a taɓa ta ba takan yi haka. In layukan gwajin sun fito da giɓi, sa firintar ta wanke kanta, wato sashen da ke fesa tawada, ka sake gwadawa kafin ka taɓa wani saiti.

Yanzu ga inda nake so ka tambayi wanda ya yi maka aikin, cikin mutunci. Furofayil ana haɗa shi ne daga takardar gwaji mai ɗaruruwan ƙananan murabba'ai masu launi, wadda firintarka ta buga, na'ura ta auna. Dole a buga wannan takarda ba tare da kowane gyaran launi ba. Tun daga Photoshop CS5 na 2010 aka cire zaɓin bugawa babu gyara, shi ya sa Adobe ta fitar da wata ƙaramar manhaja, Adobe Color Printer Utility, don wannan aikin. Idan da Photoshop aka buga ta kai tsaye da gyara a kunne, to furofayil ɗin tun daga tushe ya karkace, babu saitin da zai miƙar da shi sai an sake. Ka kuma tambaye shi ko ya bar takardar ta bushe. Irin tawadar L805 launinta na ci gaba da sauyawa bayan ta fito, ni nakan bar takardar gwaji ta kwana kafin a auna. Wanda ya auna nan take don yana sauri, ya auna launin da gobe babu shi.

Wani abin da masu shago ke mantawa: furofayil na firinta ɗaya ne, da tawada ɗaya, da takarda ɗaya, da saitin nau'in takarda ɗaya. In ka zuba tawadar wani kamfani daban bayan an auna, ko ka sauya daga "Premium Glossy" zuwa "Matte" a direba, furofayil ɗin ya tashi daga aiki. Wannan kam ba laifin mai aunawa ba ne.

Sannan a ina kake duba hoton? Ma'aunin masu ɗab'i shi ne hasken D50, wato kelbin 5000 a ma'aunin launin haske, mai kama da hasken rana. Ƙwan fitila mai ja-ja zai ƙara wa fata ja. Fita da hoton bakin ƙofa, cikin inuwa, ka duba.

Ka ware hoto guda mai fuska baƙa, da fuska mai haske, da farar riga, da wuri mai toka-toka, ka riƙa gwaji da shi kaɗai, kana sauya abu ɗaya a kowane bugu kana rubutawa a bayan takardar. In tokar ta fito toka ba tare da ja ko kore ba, ka buga hoton amarya guda ɗaya ka gani kafin ka saki sauran.