Hukuncin harhaɗa agogo mai kama da Rolex a gida

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara ilimi. Ni ma'aikaci ne, a lokacin hutuna ina harhaɗa agogon hannu don nishaɗi. Nakan yi odar kayan ta intanet, inji daban, gida daban, fuska da hannuwa da maɗauri daban, in zauna da dare in haɗa su. Yanzu ina so in haɗa mai kama da Rolex Submariner, da injin Seiko NH35 a ciki. Mai sayar da kayan yana da fuska iri biyu: wadda ba rubutu, da wadda aka buga wa sunan Rolex da kambinsa. Ba sayarwa zan yi ba, ni zan ɗaura. Abokina ya ce haramun ne. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, abokinka ya yi saurin yanke hukunci, amma bai kuskure gaba ɗaya ba.

Harhaɗa agogo halal ne. Asalin sana'o'i da al'adu halasci ne har sai dalili ya hana, kuma babu dalilin da ya hana mutum ya zauna da hantsaki da ƙaramin sukudireba, ya riƙe numfashinsa yana dasa hannun daƙiƙa, ko ya sake buɗe gilashi saboda ƙwayar ƙura ɗaya da ta maƙale. Ya fi zaman majalisar gulma nesa ba kusa ba, matuƙar bai cinye maka sallar asuba ko kuɗin cefane ba. Kwaikwayon siffa ma ba laifi: tun fitowar Submariner a 1953 kamfanoni da yawa ke ƙera agogon ninƙaya mai irin wannan zubi, kowa da sunansa a jiki. Tela yakan ga ɗinkin wani ya yi irinsa, babu wanda ya kira shi ɓarawo.

Inda gizo ke saƙar shi ne fuskar nan ta biyu. Suna da tambari haƙƙi ne na mai su. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na biyar a Kuwait a Disambar 1988, ta yanke cewa sunan kasuwanci da tambarinsa haƙƙoƙi ne masu ƙimar dukiya, shari'a tana kare su, ba ya halatta a yi musu ta'adi. Kasancewar masu kamfanin suna Switzerland, ko ba Musulmi ba ne, bai halatta haƙƙinsu ba. Wanda ya buga wannan fuskar ɗan jabu ne, kuɗin da za ka ba shi kuma jari ne ka ƙara masa, alhali Allah ya ce a Suratul Ma'ida kada ku taimaki juna a kan zunubi da ta'adi.

Ka ce ba za ka sayar ba, na yarda da kai. To amma bari in tambaye ka: idan injin Seiko ne, gidan kuma ƙirar wata masana'anta ce, me sunan Rolex ke yi a fuskar? Ba ya gyara lokaci, ba ya hana ruwa shiga. Aikinsa ɗaya ne, wanda ya kalli tsintsiyar hannunka a wajen ɗaurin aure ya zaci ka ɗaura agogon miliyoyi. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Asma'u 'yar Abubakar cewa wata mata ta tambayi Annabi (SAW) ko za ta iya nuna wa kishiyarta cewa miji ya ba ta abin da bai ba ta ba. Ya amsa mata cewa mai nuna ƙoshi da abin da ba a ba shi ba kamar mai sanye da tufafin ƙarya biyu ne. Matar nan ba ciniki take yi ba, burga ce kawai, duk da haka aka kira abin ƙarya.

Sannan agogo yakan fi mai shi tsawon rai. Ranar da aka zo rabon gado, magada ba su san dare nawa ka kwashe kana haɗa shi ba. Za su ga kambi, su kai kasuwa, wani bawan Allah ya biya kuɗin na gaske. Hadisin Muslim a kan mai hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da Annabi (SAW), kuma kai ne ka dasa tushen wannan algus ɗin.

Don haka abin da nake gani: ka sayi fuskar da ba rubutu, ko ka sa a buga maka sunanka a kai, wannan halal ne babu karhanci. Mai ɗauke da suna da kambin Rolex kuwa ba ta halatta ka saya ba. Idan kana da irinta a cikin waɗanda ka riga ka haɗa, ka canza fuskar, ka duba marfin baya da maɗaurin da kan abin wanawa, domin 'yan jabu sukan zana kambin a nan ma. Sayar da shi a matsayin na gaske haramun ne babu saɓani.

Abu ɗaya da ba ka tambaya ba: zinare. An haramta wa maza shi a hadisin Aliyu (RA). Ƙarfe mai launin zinare kawai ba komai. Wanda aka yi wa ruwan zinare na gaske akwai saɓani, Shehu Khalil, mai littafin Mukhtasar na fiƙihun Malikiyya, ma ƙauli biyu ya ambata a kan ƙwaryar da aka yi wa haka. Ka tambayi mai kayan kafin ka biya. Idan ya kasa ba ka amsa, ka ɗauki farin ƙarfe.

Wallahu a'alam.